Kwalaben Man Keke

Mai Keke ake ce masa, domin gyaran keken ɗinki ya tashi da shi, a kansa kuma ya tsufa. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bayan kasuwa: benci ɗaya, gwangwanin kusoshi, da kwalaben mai a jere bisa kanta, manya a baya, ƙanana a gaba. A zamanin da ake gyara abu maimakon a jefar da shi, teloli layi suke yi a ƙofarsa. Giya ce ta kashe mahaifinsa, saboda haka ko warinta ba ya so.

Amininsa Dogo, mai gwajin jini a asibiti, tun suna makaranta suke tare.

Wata shekara ciwon ciki ya kwantar da Mai Keke, ga zazzaɓi, ga nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Dogo ne ya ɗebi jininsa. Akwai wasu sinadarai da hanta ke zubawa cikin jini idan ta wahala, na Mai Keke kuwa sun hau ƙwarai. Dogo bai jira likita ba, ya ja matar abokinsa gefe, ita da ya saba yi wa kiran wasa da "Matarmu".

"Matarmu, tsakaninki da Allah, mutumin naki yana ɗan kurɓawa ne? A wurin mashaya na saba ganin irin wannan."

"Haba Dogo! Shi ɗin?"

"To, kin dai san mahaifinsa."

Hoton ciki ya nuna ƙurji ne a hanta, ƙwayar cuta ta kawo shi. Aka zuƙe mugunyar, aka ba shi magani, ya miƙe.

Ranar da ya koma shago sai ya tarar kwalabe sun sauya wuri, wasu ma ba a ɗaure murfinsu da kyau ba. Makullin kuwa a hannun matarsa ya bar shi. Ya dawo gida ya tambaye ta.

"Sansanawa kawai na yi ko zan ji warin giya, Baban yara. Dogo ne ya ce..."

"Dogo jini ya gani a kwalba. Ke fa, me kika gani duk shekarun nan?"

Ta sunkuyar da kai.

Dogo ya zo shago da hula a hannu, ya ce bakinsa ne ya riga hankalinsa. Mai Keke ya ce komai ya wuce, ya matsa masa wuri a benci.

A gida kuwa bai ƙara tayar da maganar ba. Yana cin abincinta, yana yi mata godiya da ladabi kamar baƙo. Haka suka zauna har ya rasu.