Matar da ta saba mutuwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar matar yayana, kuma in kun so ku ƙaryata ni: kafin ta zo Maraɗi ta mutu ya fi a ƙirga, kowane karo mutane na tafa mata.

Bajamusa ce. Can ƙasarsu aikinta wani irin wasa ne da ake yin komi cikin waƙa, soyayya waƙa, faɗa waƙa, mutuwa ma waƙa. Ita ce mai siririyar muryar da ake kashewa a ƙarshe. A soke ta da wuƙa, ta yi ta rerawa har tuwo ya huce, sannan ta faɗi. Da muryar ta fara tsagewa suka sa yarinya a gurbinta. Yaya na can yana koyon aikin injinan ban-ruwa, ya kwaso ta ya kawo mana unguwar Zariya a Maraɗi.

Ni na sa mata suna Jiniya. Ran da ta gwada waƙa a bikin ƙanwarmu a Tibiri, awaki suka tsinke igiya, mata suka kwashe da dariya, Inna ta tambaya ko kunama ce ta harbe ta. Daga ranar ba ta sake waƙa gaban mutane ba. Sai dai ta bi Yaya Jiratawa, ta tsaya bakin kwalbati ta rera wa albasa.

Yanzu jikarta na damuna in faɗa mata yadda muryar take. Mi zan ce? Ko kaset ba mu aje ba. Yau kowane shashasha ya yi tari a Sabon Gari sai an ɗauke shi a waya, ita kuwa iska ta tahi da tata. Da tana nan da ta ce yaran yau dukkansu da hanci suke waƙa. Abin da ya rage shi ne maguɗa biyu a unguwarmu da ta koya wa jan numfashi daga ciki. In suka rangaɗa guɗa, nakan ji ta can ƙarshe-ƙarshe. Su ma sun tsufa. Ni ma na gaji.

A ciwonta na ajali na shiga gaishe ta a asibiti, ta zama kamar kara. Na roƙe ta ta yi mini ko baiti guda, tunda gwanar mutuwa da waƙa ce, na ce ni kaɗai zan tafa mata har a kore ni. Allah ji ƙanta, ido ɗaya ta buɗe.

"Sa'adda nake da murya dariya kuka yi. Matsa can, ƙanin miji, wagga ta gaske ce, ba a shiga kallo."