Takalmin Abijan

A ƙauyenmu, can gefen Affala, idan sanyi ya shigo ba ma jiran dare ya yi nisa. Da an gama cin tuwo, Kaka takan tara karan hatsi a bakin ɗakinta ta hura wuta, mu jikokinta mu kewaye ta. Ni wurina ɗaya ne kullum, kusa da turmi, inda hasken bai cika kaiwa ba. Daga nan nake kallon ƙafafunta. Akwai wani tabo a babban yatsanta na hagu, kuma idan labari ya kai wurin daɗi sai ta riƙa motsa yatsan kamar shi ma yana saurare.

Ba na ɗaga kai a lokacin. An koya mana yarinya ba ta kallon babba cikin ido, ni kuwa na ɗauki abin na kai shi inda ba a ce ba. Har suna Kaka ta sa mini.

"Mai ƙirgar tururuwa, matso. Mi kika yar a ƙasa tun bara da ba ki tsinta ba?"

Yara su yi dariya, ni in ƙara sunkuyawa. Sai ta turo mini gujiyar da ta gasa cikin toka, kuma tawa takan fi ta kowa yawa.

Tatsuniyoyinta da yawa sun gudu daga kaina. Ɗaya ce ta zauna. Ranar ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tahe, mai kunne shi buɗe mata ƙohwa." Muka ce ta shigo.

Wai an yi wata yarinya da ta san duk mutanen garinsu da ƙafa. Ta ga jar ƙasa a dunduniya, ta san daga gona aka fito. Ta ga kaushi ya tsage, ta san tafiyar ta yi nisa. Kafin baƙo ya buɗe baki ta kawo ruwa, kafin ya ce ya gaji ta shimfiɗa tabarma. Gari duka ana yabon hankalinta. Ubanta kuwa ya tafi ci-rani Abijan tun tana ƙarama, kamar yadda iyayen yawancinmu suka tafi. Rannan sai ga wani mutum a ƙofar gida da takalmi sau-ciki mai ƙyalli. Ta duba, ba ta san takalmin ba. Ta durƙusa ta miƙa ruwa, ta ce mai gidan ya yi tafiya, ba a san ranar zuwansa ba. Mutumin ya ce to, zai jira shi. Ya zauna a ƙofar gidansa yana jiran kansa, har rana ta faɗi uwar ta dawo daga kasuwa ta saki ƙwaryar da ke kanta.

Muka yi ta dariya. Sani, ɗan kawuna, ya ce, "To mi ya hana shi ya ce shi ne?"

Kaka ta tura kara cikin wuta. "So yake ta dube shi. Tun daga bakin teku abin da ya taho yana so ke nan."

Ba ta kalle ni ba da ta faɗi haka. Yatsan nan ne kawai ya daina motsi.

Bayan na gama firamare aka kawo ni garin Tawa wurin gwaggota don in ci gaba da lakkwal, wato makarantar boko, kuma a shekarar Kaka ta rasu. Halina bai sake ba. Na san malamanmu duka da takalma, na san wanda ya zo da kabu-kabu da wanda ya tako.

A babban hutun da ya wuce, wata ƙungiyar mata ta buɗe aji a unguwarmu. Ba ɗinki ake koyarwa ba, ba saƙa ba. Yadda ake tarbar mutum, yadda ake magana da mai saye, yadda ake aiki tare ba a ɓata ba. Ƙungiyar tana da shago kusa da kasuwa, inda matan ƙauyuka ke kawo cuku da man gyaɗa da tabarmi, har da na innata. An ce idan an gama za a ɗauki yarinya ɗaya ta riƙa tsayawa shagon bayan an tashi lakkwal. Inna ta aiko mini cewa in dage, don da wannan wurin ne zan iya ƙarasa karatu a Tawa. In ban samu ba, gida zan koma.

Mai koyar da mu Madam Rahila ce, Kirista daga wajen Maraɗi, doguwa mai yawan raha. Takan zama mai saye, mu mu tarbe ta.

"Rabi, gaisuwarki ta fi ta kowa daɗi," in ji ta, "amma takalmina kike gaisarwa. Ya ce in gaya miki yana lahiya."

Aji ya fashe da dariya. Da aka tashi ta tsayar da ni. "Ban ce ki ƙura wa babba ido ba, ɗiyata. Ni ma an yi mini tarbiyya. Dubawa ɗaya, ki ga abin da ya kawo mutum, sannan ki mai da idonki inda kike so."

Na ce to, amma wuyana ya ƙi.

A makon ƙarshe kowaccenmu ta yi safiya guda a shagon, Madam tana zaune ciki tana gani. Da tawa ta zo, wajen hantsi wasu ƙafafu suka tsaya a bakin ƙofa. Takalmin fata mai faɗi, an ɗinke igiyarsa da wani zare daban, yatsun sun yi fari. Daga arewa, kuma ba a mota aka sauke shi nan kusa ba. Na kawo ruwa, na jawo kujera. Ya sha, ya yi godiya da Hausar da ba ta zauna a bakinsa sosai ba. Ya tambayi cuku. Na nuna. Ya tambayi tabarma. Na nuna. Bai ɗauki komai ba, ƙafafun kuma suka fara juyawa wajen ƙofa.

A nan na ji muryar Kaka kamar tana bayana. Na ɗaga kai.

Dattijo ne, ya rufe fuska da rawani, idanu kawai ake gani. Kuma idanun ba sa kan kayanmu. Suna komawa ga wani buhu da ya jingine a waje, su dawo, su sake komawa.

Na ce, "Baba, mi ke cikin buhun?"

Ya fita ya shigo da shi. Jakunkuna ne da matasan kai na fata, aikin matarsa, ja da kore, ɗinkin siriri. Ya ji labarin shagon, ya taho daga bayan Barmu ya tambaya ko za a karɓa, amma talla ta yi masa nauyi a baki. Madam ta taso ta shafa fatar, ta ce ya zauna a yi magana. Da ya tafi sai ta ce mini, "Gobe ki zo da wuri, za mu gyara wa kayansa wuri."

Daga baya na tambayi Inna tatsuniyar. Ta ce ita ba ta taɓa jin ta ba, kuma ta tambayi tsofaffin garinmu babu wanda ya san ta. Ashe Kaka ba ta gaje ta ba. Ta dube ni ne can kusa da turmi, ta ƙaga ta. Ba ta so ta raba ni da kunyata, don ko cikin labarin yarinyar ce ta fi kowa iya tarbar baƙo. Kai kawai take so in ɗaga.

Bana mahaifina, wanda shi ma ya daɗe can ci-rani, ya dawo daga Abijan, ya biyo ta shagon da nake tsayawa kafin ya wuce gida. Takalman na fara gani, sababbi, ban san su ba. Na ajiye ruwan, na dube shi.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe idon Kaka gare ki."