Garwa Biyu a Bakin Rariya

Mu shida ne a tsakar gida ranar, wata Laraba cikin tsakiyar damina, a ƙauyenmu da ke gefen Yargoje. Akwai kakata Iya Tasalla, mahaifiyar babanmu. Akwai Innata, da kwana goma sha ɗaya da haihuwa, da facalarta Baba Larai, matar ƙanin babanmu, wadda ta sauka kwana huɗu bayanta. Sai jariran biyu kwance a tabarma, sai ni, ban fi shekara tara ba. Maza duk suna gona.

Mai jego ɗaya ma itace take ci, balle biyu. Safe da yamma sai an tafasa wa kowacce babbar tukunya ta yi wanka da ganyen darbejiya, har kwana arba'in. Itacen da aka tara tun rani na mutum ɗaya ne, na daji kuwa ruwa ya jiƙa shi, hayaƙi kawai yake yi. Ina ganin Iya kullum tana tsayawa a gaban rumfar itace tana dubawa. Na ji ta gaya wa babanmu cewa in aka ci gaba haka, kafin kwana ashirin sai an tsayar wa ɗaya wanka, kuma kowa a gidan ya san Innata ce za ta ce ta haƙura, ita da ƙafafunta ba su gama saɓewa daga kumburi ba.

Da safen nan Iya ta haƙa gurbi a bakin rariyar banɗaki, ta shafe shi da yumɓu, ta toshe mafitar da tsumma. Innata ta fito wanka, ruwan ya taru a gurbin yana tururi. Iya za ta shiga ɗaki gasa cibiyar jarirai, ta ce mini kada in bari zafin nan ya tafi a banza, in tare shi in kai tukunyar Larai. Ni kuwa da rawar jikin a yabe ni, na ɗauki ƙwarya na dinga kwasar ruwan wankan, da ganyensa da dauɗarsa, ina juyewa cikin tukunyar da ta kusa tafasa.

Baba Larai ce ta fara gani, ta yi salati. Ruwan jego ruwa ne da ba a tsallake shi ma, balle a sake zuba shi a jiki. Dole aka zubar da tukunya guda, itacen da ya ci ya tafi. Na tsaya ina jiran duka, don Iya ba ta da wasa. Ta dube ni ta ce, "Mi na ce miki, 'yar nan? Zafin na ce. Ban ce ruwan ba."

Ta sa na wanke garwa biyu na kananzir, na cika su da ruwan rijiya, ta dasa su tsaye cikin gurbin, ruwan wanka ya kai musu wuya amma bai shiga ba. Ta ce in je in share turke in dawo. Da na dawo ta kama hannuna ta tsoma a garwa. Ruwan da na jawo yana yankan yatsa ya yi ɗumi. Shi aka ɗora, ya tafasa da itacen da bai kai na kullum ba. Daga ranar aikin garwa ya zama nawa, wankan Innata ya ɗumama na Baba Larai, na Baba Larai ya ɗumama na jarirai da na wanke-wanke. 'Yan'uwana suna wasan carafke a zaure, ni ina tsugune a bakin rariya ina gadin tsumma kada kaji su ja shi. Masu jegon duka biyun sun cika arba'in ɗinsu lafiya, har da ragowar itacen kunun kanwa. Ban shiga aji ba a rayuwata, amma abin da aka koya mini da hannu cikin garwa bai taɓa ɓace mini ba. Allah ya jiƙan Iya, da ta duke ni ranar, dukan kawai zan tuna.

Bana na je Faskari zaman jegon jikata. Gas suke da shi, a murɗa wuta ta kama, ruwan wanka kuwa ya bi bututu ya fita waje da tururinsa, ba mai waiwayarsa. Mijinta ya ce mini wai yanzu akwai ƙarfen da ake naɗawa a bututun, ruwan sanyi ya bi ta jikinsa ya kwashi zafin, amma bai iso nan ba tukuna. Na ce masa ya daɗe da isowa, shi ne dai bai tarar da shi ba.

Washegari na sa jikata ta yi wanka a cikin babban baho. Da ta fito na cika tukunyar ƙarfe da ruwan sanyi, na zaunar da tukunyar cikin ruwan bahon, da aka jima na kira jikar tawa na kama hannunta na tsoma a tukunyar.