Kwanon Juma'a da Ruwan Kamfanin Jima

Ku gyara zama ku ara mini kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce, a tsakar gidana aka yi ta.

'Ya'ya maza biyu Allah ya bar mini. Babban ɗan farina ne, ba na kama sunansa, ba na yi masa doguwar magana. Haka muka tarar da iyayenmu suna yi. Tun yana saurayi ya shiga kamfanin jima a Challawa, hannunsa kullum cikin ruwan magani har fatar ta tsattsage. A inuwarsa ƙaramin ya yi boko har ya zama malamin jami'a. Ilimin siyasa aka ce ya karanta. Na ce ashe siyasa ma karanta ta ake yi? Ya ce shi abin da yake bincike a kai shi ne yadda kukan talaka ke isa kunnen hukuma, da inda yake maƙalewa a hanya.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, kwano ɗaya nake zuba musu. Ƙaramin, duk da iliminsa da motarsa, shi ke riƙe bakin kwano da hagu. Babban shi ke fara tsame hannu, ya bar masa nama.

To, ruwan da kamfanin ke saki sai ya riƙa gangarowa lambunan bakin kogi, baƙi wuluk, yana ƙona latas da albasa. Ƙaramin ya bi masu lambu ɗaya bayan ɗaya yana jin ta bakinsu. Daga baya ya ce rubutu kaɗai ba ya tare ruwa, ya fito takarar kansila, Allah ya ba shi. Yana hawa ya kai maganar gaban majalisa a Kumbotso. Nan da nan gari ya ɗauka cewa za a rufe kamfanin.

Juma'ar da ta biyo baya, babban ya turo matarsa ta ce in zuba masa nasa daban. Ni kuwa na san kwanon da aka raba ba ya saurin haɗuwa. Ga shi bakina ba ya buɗuwa a gabansa. Sai na zuba a kwanon da aka saba, na ajiye tsakaninsu, na shige ɗaki na saki labule.

Can na ji muryar babban.

"Ranka ya daɗe kansila, saki kwanon mana, kada warin fata ya kama maka hannu."

"Yaya, ba rufewa nake nema ba. Rami nake so su haƙa su riƙa tace ruwan."

"In manya suka ce a gyara, ƙanana ake sallama. Wannan ba ya cikin littafinka?"

"Yana ciki. Amma daga bakina ba za su ji shi kamar daga naka ba. Ka zo zaman majalisar ka faɗa musu."

Sai na ji ƙarar buta, sannan takun babban ya nufi zaure. Da na fito, ƙaramin na zaune riƙe da bakin kwano, naman nan an tura shi gefensa.

Ranar zaman babban ya je da kayan aikinsa a jiki, ya faɗi tasa a gaban kowa, ƙaninsa na sauraro daga kujera. An haƙa ramin, ba a sallami kowa a shekarar ba. Ruwan ya yi sauƙi, ko da yake bai koma kamar da ba.

Kamfanin daga baya rashin wuta ya kwantar da shi. Babban yanzu fata yake saya a ƙauyuka yana kawowa birni. Ƙaramin ya faɗi zaɓe na gaba, ya koma aji yana koyarwa. Ni kuwa ido ya yi rauni, matar babban ce ke tuƙa tuwon Juma'a, kuma ta san kwanon da ake zubawa a ciki.