Ƙarfe Shida a Gidan Mai Korar Tsuntsaye

Mutanen garin Soesterberg ba su cika tuna sunan Harmen Dijkhuizen ba, sai dai a ce mai korar tsuntsaye. Aikinsa ke nan tun yana saurayi har aka rufe sansanin sojan sama. Kafin jiragen yaƙi su tashi zai shiga 'yar motarsa, ya bi titin jirgi daga wannan kai zuwa wancan, yana harba harsashi mai ƙara, yana sakin kukan tsuntsu a lasifika, don kada wani ya faɗa injin jirgi ya hallaka matuƙi. Aiki ne na rashin yarda. Sama ta yi tas, kowa ya ce lafiya lau, shi kuwa ya ƙanƙance ido ya ce akwai abin da ke tafe. Sau da yawa kuma akwai ɗin, kuma abin da ya ɓata shi ke nan, don daga nan bai ƙara jin maganar kowa ba.

Yanzu an kwashe jiragen an jera a gidan tarihi, wasu ma an rataye su a rufi, titin jirgin kuma ya zama na masu keke da masu yawo da karnuka. Abin da ya fi ci masa rai shi ne an kafa alluna cewa kada a taka ciyawa, wai tsuntsaye na ƙwai. Jikokin waɗanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fatattaka su ne yau masu gata! Duk da haka kullum da safe sai ya je, da tabaron hangen nesa a wuya. Tsuntsaye sun fi ƙarfinsa, sai ya koma kan mutane: wane ne wancan, me ya tsayar da shi, me yake ɗauka a hoto.

Zargi ɗaya ne bai taɓa furtawa ba, shi ne kuma babba. Matarsa Jantien, lokacin tana budurwa, tana sayar da soyayyen dankali a wani shago kusa da ƙofar sansani, zamanin da sojojin Amurka suka cika garin da manyan motoci da surutu. Akwai wani bakanikensu, Curtis, dogo mai yawan dariya, wanda duk gari ya san yana sonta, ita ma an san tana sonsa. Aka mayar da shi gida, bayan shekara guda ta auri Harmen. Tun daga ranar Harmen ya riƙe a ransa cewa shi maneji aka yi da shi, ranar da wancan ya waiwayo zance ya ƙare. Sun haifi 'ya'ya biyu, sun aurar, sun tsufa, bai sauke wannan kaya ba. Ko da ɓarin jikinta ya shanye ta koma keken guragu, shi ke mata wanka, shi ke taje mata gashi, kuma bai taɓa ƙosawa ba, wannan kam a ba shi. Amma in ta yi shiru tana kallon waje, sai ya dubi fuskarta ya ce a ransa ai ya san inda ta tafi.

Wata Talata cikin bazara ya hango wani tsoho tsaye a tsakiyar titin jirgi, ba keke, ba kare, ba ya ko ɗaukar hoto. Masu yawon buɗe ido ba haka suke ba, su gidan tarihi suke nufa, su sha gahawa, su sayi ɗan jirgin roba su tafi. Harmen ya matsa.

"Ka ɓata ne? Gidan tarihi yana can."

Mutumin ya amsa da harshen garin, wanda ya yi tsatsa a bakinsa. "Ban ɓata ba. A nan na yi aiki, tun kafin a haifi waɗannan itatuwan." Ya yi dariya, nan take Harmen ya gane Curtis ne. Gashi ya zube, baya ya ranƙwafa, amma dariyar tana nan yadda take.

"Kai ɗan gari ne, ko? Akwai wata yarinya mai sayar da dankali a bakin ƙofa, Jantien. Tana raye?"

"Yarinya!" in ji Harmen. "Tana raye. Matata ce."

"Kai ne mai tsuntsaye! Wallahi kai ne!" Curtis ya kama hannunsa da hannu biyu yana girgizawa. Ya ce ya sauka a ƙaramin otal ɗin bakin titi, gobe da safe zai wuce, kuma a shekarunsa ba ya jin zai sake tsallako teku. Ko zai iya zuwa ya gaishe ta?

Harmen ba ya ƙarya, abin alfaharinsa ke nan. Bai ce ta mutu ba, bai ce ta yi tafiya ba. Ya faɗi lambar gidan daidai, sannan ya ce, "Ka zo ƙarfe shida."

To, a ƙasar nan wa ke zuwa gidan mutane ƙarfe shida? Lokacin cin abinci ne. An fere dankali daidai bakin masu gida, an yanka nama biyu, ko ɗanka ne ya zo ba zato sai ka ce masa za mu ci abinci, ya gane ya juya, ba wanda zai ga laifinka. Harmen ya san Curtis zai ɗauka gayyatar cin abinci ce. Ya koma gida yana jin kansa wani gwani, bai ce wa Jantien uffan ba. Da yamma ya fere dankali huɗu, biyu nata biyu nasa, ya tura kekenta gaban tebur ta ba taga baya, abin da bai saba ba.

"Yau kuma bango zan kalla?" in ji ta.

"Rana na dukan idonki."

"Wace rana, tsoho? Hadari ne a garin."

Ƙararrawa ta yi ƙara daidai lokacin da ya sauke tukunya. Ya fita ya ja ƙofar falo a bayansa. Ga Curtis da riga mai guga, da furanni a hannu.

"Ayya," in ji Harmen, ya tsaya ya cika ƙofar. "Yanzu muka zauna za mu ci abinci."

Curtis ya yi murmushi ya ɗaga ƙafa zai shigo. Harmen bai matsa ba. Suka tsaya a haka, har murmushin ya fara dusashewa. Curtis ya taɓa zama a ƙasar nan shekara uku, a hankali abin ya dawo masa, ya tuna ma'anar wannan magana. Ya dubi Harmen kallon da ba fushi a ciki, ya miƙa masa furannin, ya ce a gaishe ta. Harmen ya tura furannin bayan takalma, ya koma ya ɗauki cokali.

Bai yi lissafi da madubin da ke jikin kabad ba. Ta cikinsa ana ganin titi tsaf.

"Curtis ne," in ji Jantien. Ba tambaya ta yi ba.

"Wani ne dai. Ya zo lokacin abinci."

"Wa ya ce masa ya zo lokacin abinci?"

Harmen ya shiga murƙushe dankalinsa cikin romo kamar bai ji ba.

"Harmen, da kai nake. Mutum ya tsallako teku, ka tsayar da shi a ƙofa saboda dankali huɗu?"

"To me ya kawo shi?" Muryarsa ta tashi, abin da ya danne shekara da shekaru ya fito ba shiri. "Me yake nema wajen matar mutane? Ki faɗa mini ba ki so shi ba. Faɗi mana!"

"Na so shi," in ji ta, ba ta ko ƙifta ido ba. "Sosai ma. Ya ce in bi shi, na ƙi, na zauna. Ba wanda ya ɗaure ni. Kai kuma tun ranar da na shigo gidan nan kake gadina kamar fursuna, kana tsammani ban sani ba. Na sani, Harmen. Kullum sai na ji idonka a ƙeyata. Ban taɓa nufar ƙofar nan ba, ko sau ɗaya." Ta ture farantinta da hannunta mai lafiya. "Yau zan fita. Ɗauko min rigar sanyi."

"Ki fita da wace ƙafar?"

"Da taka."

Ba za ta iya kaiwa ko bakin ƙofa ba sai da shi. In ya ci gaba da cin abincinsa, shi ke nan, gobe mutumin ya tafi har abada, kuma ba mai jin labari. Ya dube ta, ita ma tana dubansa, ba roƙo a idonta. Ya ji tsoro, tsoro na gaske, ya kuma ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba. Ya tashi ya ɗauko rigar. Ta ce ya taje mata gashi, ya taje. Ta ce jan-baki, ya nemo a aljihun tebur, ya riƙe mata madubi.

Ya tura kekenta suka fita titi. Maƙwabta na zaune a teburansu, kowa ya ɗago kai yana mamakin abin da ya fito da mutanen nan a wannan lokaci.

Curtis na zaune shi kaɗai a ɗakin cin abinci na otal. Da ya gan su ya miƙe har kujera ta faɗi. Harmen ya sunkuya zai danna birkin keken, sai ya ga fuskar Jantien. Ta haskaka gaba ɗaya, irin hasken da ya daɗe bai gani ba, watakila ma bai taɓa gani ba. Ashe dai ba duka zargin ne ƙarya ba. Abin ya soke shi har ƙahon zuci, ya tsaya riƙe da hannun keken kamar an manne shi.

Sannan ya saki. "Birkin hagu yana cijewa, sai ka danna da ƙarfi," ya ce wa Curtis, bai dube shi ba. "Kada a sa mata sukari. In ta fara tari, ka ɗan tallafo ta gaba."

Ya juya. Yana dab da ƙofa ya ji muryarta.

"Tsoho! Ka dawo ka ɗauke ni in an jima. Kada ka shanya ni a nan."

Bai waiwaya ba, don idonsa ya cika. Ya ɗaga hannu kawai alamar ya ji. Tagogin otal ɗin manya ne, daga tsallaken titi ana ganin kowane tebur, akwai ma benci a wajen. Harmen ya ga bencin sarai. Ya zura hannu a aljihu ya wuce gida.