Rigar Audugar da Na Ɗinka wa 'Yar Fari

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abu ya fito ba yadda ya faru ba, in zama na ƙara wa wani magana ko na rage masa. Ko da na fara, sai da na koma wurin yayata na tambaye ta ko ta yarda in sa ta a ciki. Ta ce in sa, amma kada in ce ta tsufa. To, ban ce ba. Abin da ya sa na daure shi ne ina da tambaya, kuma ba za a gane ta ba sai an ji daga farko.

Sana'ata ɗinkin katifa da matashin kai na auduga, a wata rumfa kusa da Ƙofar Atiku. Tun da katifar soso ta shigo aiki ya ragu, amma tsofaffi masu ciwon baya ba su bar ni ba, haka ma masu son matashin jingina. Alhamdu lillahi, ana ci ana sha. Rumfar da ke jikin tawa ta taubashina ce, ɗan kawuna, shi tela ne. Tun muna yara ba ya ganina ya ƙyale ni, ni ma ba na raga masa.

Yana da wata 'yar rediyo da yake haɗawa da wayarsa, ya kunna mana labaran nan da ake karantawa, muna aiki muna saurare. A bazarar bana ya kawo wani sabo. Labarin wani direban babbar mota ne da ya ɗauko albasa zai kai kudu. Yana kan hanya rana ta dushe, sanyi ya sauko cikin yini guda. Ruwa ya daskare a randa har randar ta tsage, gulbi ya koma kamar daɓen siminti, mutane suka riƙa cire ƙyauren ɗakunansu suna hura wuta da shi. Mai labarin ya ce duniya ce ta koma zamanin ƙanƙara irin wanda aka taɓa yi tun da can.

Da farko daɗi ya yi mana. Wanda ya san bazarar Sakkwato ya san dalili. Riga ta manne a baya, kwanon rumfa kamar tanda, ga wani yana ba ka labarin ƙanƙara har wuya. Taubashina yana taka keke yana cewa, "Allah ka kawo muna ko da rabin wanga bala'i." Ni ina ce masa ya yi istigfari, amma ina dariya.

Sai aka zo wurin da mai karatun ya ce ƙasashen arewa, can ƙetaren teku, su ƙanƙarar ta fara binnewa, kuma ba a ƙara jin ɗuriyar kowa daga can ba. A nan allura ta tsaya a hannuna.

Ɗiyata ta fari ta gama karatun jinya, an ba ta gurbin ƙaro karatu a ɗaya daga cikin ƙasashen nan masu sanyi. Ita ce ta fari, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, ban ɗauke ta a gaban mutane ba. Da aka yaye ta yayata ta tafi da ita, a gidanta na wajen Sama Road ta tashi. In ta zo gaishe ni durƙusawa take daga bakin ƙofa, ni kuma in amsa ina kallon wani wuri. Haka iyayenmu suka yi da yayata, haka muka gada, kuma ban taɓa jin nauyinsa ba. Amma duk da ba a hannuna ta tashi ba, yayata ta ce maganar tafiya ba za ta yanke ta ita kaɗai ba. Ta zo har rumfa ta ce, "Kai ne uba. In ka ce awo ta tahi, in ka ce a'a ta zauna." Na ce ta ba ni lokaci in yi tunani. Ina cikin tunanin ne labarin ƙanƙara ya same ni.

Na san ƙage ne. Ban ɗauka gobe za a wayi gari da shi ba. Amma ni mutum ne da kan koma ya taɓa kwaɗon rumfa bayan ya san ya kulle, kuma abu in ya shiga kaina ba ya fita da lallashi. Sanyin da na sani shi ne na ɗarinmu, wanda ake kai kasko ɗaki a shafa man kaɗe a ƙafa. Ko shi nakan ji a ƙashina. Na riƙa cewa a raina, ko da duniya ba ta daskare ba, ai can kowace shekara sai ƙanƙara ta sauka, kuma yarinyar nan ba ta taɓa ganinta ba sai a bakin firji. Yayata ta aiko, na ce ina nan tafe. Ta sake aikowa, na ce aiki ya yi yawa.

Wata rana da safe matata ta ajiye mini koko ta tsaya a kaina.

"Malam, ka san shirun ga naka a'a ne ake jin shi?"

"Ni ban ce a'a ba."

"Awo ma ba ka ce ba. Makaranta kuwa ba ta jiran mai tunani. In lokacin amsa ya wuce wani za su ba."

Na tafi rumfa na zauna ina kallon buhun auduga, sai dabara ta faɗo mini. Ba zan iya zaunar da ɗiyata in gaya mata ina tsoro ba, bakina ba zai iya ba. Amma na iya auduga. Na ce zan ɗinka riga mai ciko kamar katifa, in gwada ta. In ta tare sanyi, in yarda. In ba ta tare ba, in san abin da zan ce wa yayata.

Na sayo yadi mai kauri na miƙa wa taubashina ya yanka. Ya ɗauko tef ya ce, "Ina awo?"

"Wane awo?"

"Awon mai riga mana. Ko aljana kake ɗinka ma?"

Sai a lokacin na tuna ba ni da shi, kuma ina jin nauyin aikawa a auno ta, don sai an tambaye ni dalili. Na kai hannu daidai kafaɗata na ce tsawonta kamar nan. Na ce ba ta da jiki. Ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya ɗaga kafaɗa ya yanka.

Na zaɓi auduga mafi kyau, na cire ƙwaya, na buge ta har ta tashi kamar kumfa. Na shimfiɗa ta tsakanin yadi biyu na bi da ɗinki layi-layi, kusa da kusa, don kada ta dunƙule gefe guda. Ban taɓa yi wa katifar wani irin wannan kulawa ba, Allah ya yafe mini. Da na gama taubashina ya ɗaga ta sama yana nuna wa masu wucewa: "Jama'a, ku zo ku ga katiha mai hannu! Kwana da yawo duk wuri guda!"

Saura gwaji, a garin da ko kwalta narkewa take. Akwai wata mata 'yar Filato da ke sayar da kifin ƙanƙara a Sabon Gari, mijinta malamin makaranta ne, a wurina take sayen matashi. Tana da ɗakin sanyi inda take ajiye kwalayen kifi. Na je da tsakar rana da rigar a buhu, na yi mata bayani ina sosa ƙeya. Na zaci za ta yi dariya. Ta yi kuwa, har da riƙe ciki, amma da ta gama ta ce, "Baba mai katifa, ni ma ranar da ɗana ya tafi bautar ƙasa sai da na cika masa jaka da magani kamar kemis. Shiga. Amma in ka daskare zan sayar da kai tare da kifi."

Na sa rigar. Ta ɗan matse ni, hannun bai kai wuyan hannuna ba. Na ce ai daidai ke nan, tun da ba ni zan sa ba. Na yi bismilla na shiga, ta turo ƙofa.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Numfashina ya fito fari kamar hayaƙi. Gashin hancina ya ƙage. Na zauna a kan wani kwali na jira in ji abin da zai faru. Ƙirjina da bayana lafiya lau, har da ɗan ɗumi, audugata ba ta ba ni kunya ba. Amma kunnuwana kamar ana yanka su da reza, ƙafafuna kuma, da yake silifa na sa, suka fara zama ba nawa ba. Na yi ta kallon ƙanƙarar da ta kama bango, fara tas, kuma gaskiya tana da kyau.

Madam mai kifi ta buga ƙofa. "Baba, kana da rai?"

"Ina da shi."

"To fito da shi haka nan, masu saye suna jira."

Da na fito zafin rana ya rufe ni kamar bargo. Ban taɓa son bazara irin ranar ba. Na tambaye ta ko haka sanyin Turai yake. Ta ce ita na Filato ta sani, rigar saƙa da safa sun ishe shi, na Turai kuwa ba za ta yi mini ƙarya ba.

Daga nan na wuce gidan yayata. Niyyata in ajiye buhun in ce saƙo ne, in ƙara ɗan tunani. Amma yayata ba a yi mata haka. Ta zazzage buhun a tabarma, ta juya rigar, ta shinshina.

"Mi kad ɗinka haka? Kuma mi ya sa take warin kihi?"

Na gaya mata duka, har da direban albasa. Ta ɗaga murya ta kira yarinyar. Na yunƙura zan tashi, yayata ta ce, "Zauna. Yau kam sai ka duba."

Yarinyar ta shigo ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon bango. Yayata ta ce ta tashi ta sa rigar. Ta miƙe. Ni ma ban san lokacin da na miƙe na juyo ba.

Ta fi ni tsawo. Ba kaɗan ba. Hannun rigar ya tsaya mata a gwiwar hannu, gaban ya ƙi haɗuwa, ƙasan ko ƙugu bai rufe ba. Yayata ta yi dariya har da hawaye, tana cewa, "Wagga riga ta 'yar firamare ce! Yaushe rabonka da ɗiyakka?" Gaskiyarta. Kullum a durƙushe nake ganinta, shi ma da gefen ido. Awon da na ba taubashina na yarinyar da na taɓa hange da jakar makaranta ne, ita ce kuma nake ta jin tsoron ƙanƙara ta binne. Wadda ke gabana mace ce da ta riga ta yi jinyar mutane a asibiti.

Ita ba ta yi dariya ba. Gumi yana zubo mata, tana shafa ɗinkin da yatsa. Ta dubi yayata ta ce, "Gwaggo, ki ce ma Baba akwai ɗumi ƙwarai."

Na koma kallon bango, don idona ya fara ba ni matsala. Na ce wa yayata, "A auna ta."

"A auna ta a yi mi, in ba tahiya za ta yi ba?"

"Za ta yi."

Shi ke nan abin da na ce. Yayata ta yi guɗa, ta ɗauko igiya ta auna ta tana ƙulla alama, ni kuma na fita neman takalmina.

Yanzu ana ta shirin takardu, tafiya sai bayan damina. Raina a kwance yake fiye da yadda na zata. Ina cin abinci, ina barci, har na sa taubashina ya sake kunna mana labarin na saurare shi zuwa ƙarshe don jin daɗi kawai. Ya riga ya yanka sabon yadi da awon gaskiya, amma ban fara ciko ba, don akwai abin da ɗakin kifi bai koya mini ba.

A ɗakin kifi ƙanƙara a bango take, ba ta zuba a kan mutum. Auduga kuwa na san halinta, in ta sha ruwa nauyi take yi ta riƙe sanyi. Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya taɓa zama a ƙasar da ƙanƙara ke sauka, ko yana da ɗan'uwa a can, ya taimaka ya aiko mini da bayani ta hannun waɗanda suka buga rubutun. In ta sauka a kan tufa, narkewa take ta jiƙa shi ko kakkaɓewa ake yi? Akwai yadin da zan ɗora a sama ya hana ruwa shiga? Me ake yi wa kunne da yatsun ƙafa? Kuma sanyin can yana ba da alama kafin ya zo, yadda mutum zai sami lokacin komawa ɗaki? In ma amsar ita ce in bar rigar ta sayi tasu in ta isa, a gaya mini kai tsaye, ba zan ji haushi ba. Ina dai son in sani kafin damina ta ɗauke.