Makiyayin Darɓa Ya Ajiye Aiki

Kafin manyan masu bincike su iso cibiyar binciken noma, shi ya riga ya buɗe ɗakin kwalabe, ya shayar da dashen wake, ya zauna da madubin ƙara girma. Shekara talatin da ɗaya yana kiwon darɓa, ɗan ƙwaron nan da ke tsotse ganye har gona ta kwanta. Abokan aiki na tsokanarsa da Makiyayi, shi kuwa sai ya ce garkensa bai taɓa shiga gonar kowa ba.

Shi ya fara lura da abin da wasu suka yi suna da shi. In ya bar uwa ita kaɗai a kwalba, 'ya'yanta ba su da fiffike. In ya cunkusa iyaye wuri ɗaya, sai su haifi masu fiffike, irin waɗanda ke tashi su faɗa gonar gaba. Masana suka ce ba gadon ne ya canja ba, matsin da uwa ta sha ne ke buɗe abin da ke kulle cikinsa. Shi cewa yake, "Ta ga gida ya yi kaɗan ne, ta sallami 'ya'ya."

Makiyayi, kai ne kake raba zuri'a arba'in ta darɓa, kowace da kwalbarta, ba ka taɓa haɗa biyu ba. Kai ne manoma suka shaida kana zuwa ka ce su shirya, masu fiffike sun fara yawa. Sunanka bai fito a takardar bincike ko ɗaya ba, kuma wannan abin kunya ne a gare mu abokan aikinka.

Mako biyu da ajiye aikinsa, sabon jami'i ya ga kwalabe sun cinye wuri, ya juye su duka a keji ɗaya. Matarsa ce ta kawo masa labari.

"Malam, wai sun haɗe su."

"Dukkansu?"

"Duka."

Aikin shekara talatin ba ya sake rabuwa, ya fi kowa sani.

Mun gode, Baba, ko da yake godiyar ta zo a makare. Duk mai son koyon aikin nan ya je wurin Baba yanzu, kada ya ce sai an kwana biyu. Ilimin yana kansa, amma idonsa ya fara gazawa, kuma har yau ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.